Kayan Yara a Kan Igiya

Yayata tela ce, kayan yara take ɗinkawa tun kafin ta yi aure, kuma taurin kanta ya fi ƙarfen kekenta. Da ɗaki guda ya yi musu kaɗan, ita da mijinta direba da yara uku, sai ta rantse ba dillalin da zai zaɓa mata unguwa. Igiyar shanya za ta bi: inda kayan yara suka yi yawa, nan mutanen kirki suke, nan kuma ciniki yake.

Ta sha yawo har takalminta ya tsinke kafin ta samu. Haya da sauƙi, ruwa a famfo, kowace igiya cike da ƙananan riguna. Na ce, "Yaya, ni fa ban ji kukan yaro ko ɗaya ba." Ta ce bakina bai iya faɗin alheri ba, ai suna makaranta.

Suka tare. Ta kafa keke tana jiran a kawo wanduna masu yagaggiyar gwiwa. Shiru.

Wata rana da la'asar hadari ya taso, ta shiga taya tsohuwar maƙwabciyarta kwashe shanya. Ta ɗauki wani ɗan wando, sai ta tsaya tana jujjuya shi. Irin yankan da aka daina tun tana koyon ɗinki ne.

"Mama, ina mai wannan?"

"Yana wasa a bayan layi, 'yata. Duk can suke, mu dai namu wanki. Autarki ma ta fara sabawa da su."

Yaya ta watsar da kayan ta kwasa da gudu. A kan igiyarta ta ga rigar da ta sa wa Auta da safe, a wanke, tana ɗiga. Ta iske yarinyar a ƙarshen layi, daga ita sai ɗan kamfai, tana ta dariya alhali ba kowa a gabanta. Ta suri abarta. A ranar suka bar unguwar, ko keken ba ta waiwaya ba.

Yanzu kusa da tasha suke, ga hayaniya ga tsadar haya, amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Manyan yaran biyu har sun fi uwarsu tsawo. Auta ma lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa. Sai dai duk zuwan da na yi, nakan tarar da Yaya a durƙushe da tef tana gwada ta, ni kuwa tausayi ya hana ni tambaya. Rigar nan ta kan igiya har yau daidai take wa Auta.