Asabar ɗin Kawu

A shekarar da ofishinmu na Abuja ya ce zai ɗauki nauyin mutum ɗaya ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci, ni da wata abokiyar aikina muka nema. Sharaɗin ɗaya ne: duk wanda ya fi maki a jarrabawar shiga makarantar, shi zai tafi. Na ƙwallafa rai sosai, don na gaji da zama a tebur ɗaya ina kallon na bayana suna wuce ni.

Ranakun aiki ba su karantuwa. Kafin in fita daga cunkoson hanyar Suleja in iso gida a Kwamba, kaina ya gama yin zafi. Sai na ware safiyar Asabar don jarrabawar gwaji a kwamfuta, irin wadda agogo ke tafiya ba ruwansa da uzurin kowa. Da farko maki ya yi ta hawa, daga nan ya tsaya cik. Na canza littafi, na ƙona data wajen kallon darussa, har tuwon dare na daina ci wai yana dakushe ƙwaƙwalwa. Ko gezau.

Ashe mahaifiyata ta gaya wa ƙanenta da ke Bagama. Kawu kuwa ba a ba shi ajiyar magana. Kafin ka ce kwabo, dangi sun ji zan zama manaja. Ya fara zuwa duk Asabar wai don ya ƙarfafa mini gwiwa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: yau da maƙwabcinsa mai ɗan da ya gama bautar ƙasa ba aiki, wani satin da wani dattijo daga Sabon Wuse da ban taɓa gani ba.

Ina tsakiyar lissafi sai in ji sallama. Wa ya isa ya bar kawunsa a ƙofa? In fito in durƙusa, a yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya karatu. Karatun kuwa yana ɗaki, agogo na cinye shi.

"Manaja, kada mu hana ka karatu," in ji Kawu, yana cire hula yana gyara zama.

Wata rana na daure na ce, "Kawu, agogon jarrabawar fa na tafiya."

"Agogo? Kai da kwamfutarka a cikin ɗakinka, wa zai kama ka?"

Matata ta ba ni shawara in riƙa ɓuya a shagon wani abokina. Sau ɗaya na gwada. Da yamma mahaifiyata ta kira ni, ranta a ɓace, wai tun ban zama manajan ba na fara gudun dangi. Na koma gida na ci gaba da karɓar baƙi.

Ranar jarrabawa lokaci ya ƙare mini a sashen ƙarshe, wanda rabon da in kai shi a gwaji tun kafin Kawu ya ji labari. Abokiyar aikina ce ta tafi. Na ji ciwon abin ƙwarai, har na kasa yi mata murna da fuska a sake.

Asabar ta gaba Kawu ya zo jaje, wannan karon shi kaɗai. Ya sha kokonsa da ƙosai, ya goge baki.

"Sai haƙuri, Allah bai nufa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ɗana, ba ka dage ba. Ni shaida ne, duk zuwan da na yi hira nake samun ka kana yi."

Na ce, "Haka ne, Kawu," na tura masa sauran ƙosan.