Kwalbar da Na Kai Maiduguri

Atrone

Na bar gidana a unguwar Atrone ana kiran sallar farko. Matata Zainaba ta rako ni bakin ƙofa da ƙullin dabino, ta ce, "Allah ya sa a ji alheri."

Ga dalilin tafiyar. Wani baƙin tsiro ne ya fito mini a bayan wuya, ya shekara yana girma, har ya fara jini in kwalar riga ta goge shi. Likita ya yanke shi a wani ƙaramin asibiti, ya karɓi jaka arba'in, wato sefa dubu arba'in. Ni mai sayar da ƙusa da kwaɗo a Grand Marché, babbar kasuwarmu, kun san abin da wannan ya ci mini. Na ɗauka an gama. Sai ya ce yanka daban, dubawa daban, kowanne da kuɗinsa, kuma sai an duba naman kafin a san ko ciwon daji ne. A lokacin mai dubawar ba ya gari. Ko a aika Faransa a kan kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, ko in kai Maiduguri da kaina. Ya jefa tsiron cikin kwalba mai wani ruwa da ke yajin ido, ya toshe, ya miƙo mini.

Mardjandafak

Kwalbar ba a gidana take ba. Tun ranar yankan yayana Abakar ya karɓe ta don ya yi mata addu'a, ta zauna wurinsa kwana uku ina haɗa guzuri. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ba a yi masa musu. Na hau kar, ƙaramar bas ta haya, zuwa kasuwa, na ƙarasa unguwarsa Mardjandafak da ƙafa. Na tarar da shi a zaure, ya naɗe kwalbar cikin farin ƙyalle.

"Ruwan nan da suka zuba, ka shaƙa kuwa?" in ji shi. "Wari kamar mashaya. Naman Musulmi ba zai kwana a ciki ba. Tun ranar na zubar, na wanke shi, na zuba masa zamzam ɗin da Baba ya bari."

Kakanmu Makka ya nufa da ƙafa, ya tsaya a garin nan har ya mutu. Baba ne ya ƙarasa masa tafiyar, ya dawo da ruwan, Yaya yana ɓoyonsa kamar ransa. Na yi godiya, har na ji sanyi a zuciyata.

"In sun gama ka dawo da shi mu binne," in ji shi.

Kusiri zuwa Gamboru

Na haye gada zuwa Kusiri rana na fitowa, na samu fijo mai zuwa Fotokol. Mu tara a ciki, ga buhunan busasshen kifi a baya. Hanyar ba sai na faɗa ba, duk ramin da muka faɗa sai ɗinkin wuyana ya amsa. A shinge na biyu wani jandarma ya nuna ƙyallen.

"Mene ne wannan?"

"Namana ne."

"Na sayarwa?"

Na juya masa wuya ya ga bandeji, na kwance masa ƙyallen. Ya ja baya, ya ɗaga mana hannu, ko sisi bai karɓa ba. Direba ya yi ta dariya har muka yi nisa.

"Malam, in ka dawo ka sayar mini da kwalbar nan, in ajiye gaban mota."

Na ce ya fara biyan jaka arba'in.

Daga Fotokol na haye iyaka, a Gamboru na canja sefa zuwa naira, na ci shinkafa da wake a tsaye, na shiga bas. Mun wuce Dikwa da la'asar, muka shiga Maiduguri ana magariba. Na kama ɗaki a masaukin 'yan kasuwa kusa da tasha, tabarma da buta kawai.

Maiduguri

Da safe na je asibiti, na biya kuɗin dubawa, aka nuna mini wata ƙofa a ƙarshen baranda. Wata mata ce mai farar riga ta karɓi kwalbar. Ta buɗe, ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Malam, wa ya canja ruwan nan?"

Na gaya mata, har da ɗan alfahari.

Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ruwa mai warin nan shi ke hana naman lalacewa, aikinsa ke nan. Ta ce za ta gwada duk da haka, in dawo bayan mako.

Makon nan ban yi komai ba sai zama. Ƙosai da safe, masallaci, inuwar dalbejiya. Na yi fushi da Yaya har na rasa ci. Daga baya na tuna ni ma godiya na yi masa, kuma likitan bai ce mana kada a taɓa ruwan ba, ya ɗauka kowa ya sani. Mu kuwa abin da muka sani shi ne ba a wulaƙanta jikin mutum.

Da na koma ta ce, "Cikinsa ya narke, Malam. Kamar takardar da ruwan sama ya daka, ba abin da ke karantuwa. Ba zan ce maka daji ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. A riƙa duba wurin. In ya sake fitowa kada ka kwana."

"A sake yanka, a sake biya?"

"A sake."

Na roƙi abin da ya rage, ta ba ni.

Komawa

Hanyar da na bi ita na sake bi, aljihu wayam. A Mardjandafak na fara tsayawa. Yaya ya taso da murna, ni kuwa ban iya zagaye ba, na faɗa masa yadda ta faɗa mini. Ya karɓi ƙyallen. Sai ya shiga ciki ya fito da fartanya, muka binne naman a gindin bangon gabas.

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Amma tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya kama ni a gefen hanya ya ɗaga kwalar rigata, ya sa tabarau, ya bi tabon da yatsa. Yanzu idonsa ya yi rauni, yatsan ne ke aikin. Har yau bai taɓa tsallake mako ba, har yau kuma bai ji wani tsiro ba.

Ranar da na dawo ɗin, na isa Atrone Zainaba na kwashe tuwo. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da matar nan da ta gaya mini gaskiya, da direban da ya sa ni dariya ina cikin tsoro.