Wa ya gina rijiyar unguwarmu?

Jikata tana ta latsa waya, wai aikin gida aka ba su, tana binciken tarihin Dutsin-Ma. Na ce Allah ya ba da sa'a. Waya dai ba ta da dangi, ba ta kuma riƙe mutum a zuciya. Mu a zamaninmu tsofaffi ake tambaya, su kuwa sun haɗa duka biyun.

Muna aji biyar, wajen ƙarshen shekarun saba'in, aka kawo mana wani malami Kirista daga kudu. Mutumin kirki ne, Hausa a bakinsa ras, sai dai bai san mu ba. Littattafan makaranta suna kulle a kabad ɗin hedimasta, ana tattalinsu saboda sufeto, gara tana karatunta a natse. Sai malam ya ce kowa ya je ya tambayi tsohon gidansu labarin wani abu na unguwarsu. Ni da aminiyata, wadda muke benci ɗaya tun aji ɗaya, muka zaɓi tsohuwar rijiyar unguwarmu. Wai dabara.

Kakata ta gyara zama. "Rijiyag ga? Kakan ubanki ya gina ta da hannunai, sa'ad da ya taso daga Kurfi. Duk wanda ya sha ruwanta albarkacinmu ya sha."

Washegari na karanta a gaban aji ina hura hanci. Aminiyata ta miƙe da nata, baiwar Allah, tana karantawa kafin ta gane abin da take faɗa. Kakarta ta ce gidansu ne suka sa aka gina rijiyar, wanda ya shiga ramin kuwa wani bawansu ne da aka sayo daga Kurfi.

Yara suka juyo suna kallona. Malam kuwa murna ta kama shi.

"Madalla! Kun ga bincike? Bakin mutum biyu ya zo ɗaya! Ku tafa musu!"

Aka tafa. Wallahi ban taɓa jin tafi mai zafi irin wannan ba. Kafin tashi na sami sabon suna a bakin yara.

Da safe kakannin biyu, waɗanda ba su taɓa taka makarantar boko ba, suka iso kowace da sandarta. A bakin ajinmu suka zazzage asalin juna, har da na wasu gidajen da ba a tambaya ba. Malam yana ta "Iya, ku yi haƙuri," tarihin da ya nema ya samu har ya yi masa yawa. Daga ranar muka koma haddace kogunan ƙasashe masu nisa, waɗanda masu su ba za su biyo mu makaranta ba.

Kakata ta rantse in na sake shiga gidan su aminiyata ba ta yafe ba. Ita ma aka ja mata kunne haka. Da na so mu shirya a ɓoye, amma duk sanda na dube ta tafin nan nake ji. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, daga tsakar gidanmu na ji guɗar.