Rakiya Zuwa Tsallaken Dogo

Idan aka tambaye ni ko na ji daɗin aikin koyarwa, nakan ce na ji, kuma ba ƙarya na yi ba. Ina son lokacin da yaro ya daɗe yana kokawa da lissafi, sai rana ɗaya ka ga fuskarsa ta washe ya gane. Amma duk wanda ya koyar a firamare a Kafanchan a shekarun da na koyar ya san akwai wani aiki da ba a koya mana a kwaleji ba. Kana rubutu a allo, kunnenka ɗaya yana aji, ɗayan yana titi. Salansar babur ta buga a waje, sai alli ya karye a hannunka, yara su yi tsit suna kallon fuskarka don su san ko lokacin gudu ya yi.

Makarantarmu ta gwamnati ce, tana ɓangarenmu na Kirista, kusa da coci. Amma akwai 'ya'yan 'yan kasuwa Musulmi da ke zuwa daga tsallaken layin dogo, domin iyayensu ma a nan suka yi karatu. A ranakun lafiya ba wanda ke tuna wannan. Tare suke cin awara a lokacin tara, tare suke shan bulalata idan sun makara.

Matsalar ita ce ranar da gari ya ɗauki zafi. Da zarar magana ta fito daga kasuwa, iyaye za su cika geti, kowa yana ƙwala kiran ɗansa, wani ma ya ja ɗan maƙwabci ya bar nasa. Saboda haka muka yi wa kanmu tsari, muna kiransa rabon layi. Za a buga ƙararrawa ba tsayawa, yara su fito su yi layi unguwa-unguwa maimakon aji-aji. Wanda iyayensa suka zo ya tafi, waɗanda suka rage kowane malami ya kwashi na unguwarsa ya kai su har ƙofar gida. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba wanda yake son sa a cikinmu.

Yaran tsallake kuwa Malamin Arabiyya ne mai kai su, don can gidansa yake. Dogon mutum ne mai tsohon keke, abokin tsokanata. Yakan ce da muryata ba mu buƙatar ƙararrawa, ni kuma in ce kekensa ya girmi hedimasta, ya kamata a ba shi fansho. A gaskiya ban taɓa zama na yi tunanin hanyar da yake bi da yaran nan ba. Aikinsa ne, shi ke nan.

Ranar da nake magana a kai Malam ba ya gari. Mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ya tafi Kauru tun jiya. Mun dawo daga tara kenan na fara darasi, sai na hango mata ta taga suna gudu daga wajen kasuwa, wata da kwanon tumatir a ka yana zubewa ba ta ko waiwaya ba. Aka ce wani abu ya faru a hanyar Godogodo. Me ya faru, wa aka taɓa, kowa da irin tasa. Hedimasta ya sa aka buga ƙararrawa.

Kafin ka ce me makaranta ta watse. Yaran tsallake ma iyaye da maƙwabta sun zo a babura sun kwashe su, har na ce Ubangiji ya rufa mana asiri tunda Malam ba ya nan. Na koma aji in ɗauki jakata, sai na ga ƙafa a ƙarƙashin benci. Wata yarinya ce 'yar ajina, aji uku, shiru-shiru, mai kyan rubutu. Da ta ji ƙararrawa tsoro ya sa ta shige nan ta rufe kai da hijabinta, masu kwasar yara kuma kowa ya ɗauka tana wurin wani.

Na tambaye ta babanta, ta ce ya tafi Kasuwan Magani da lodin citta. Mamanta fa? Tana jego, ko suna ba a yi ba. Muka kira wayar uban, ta ƙi shiga. Hedimasta ya ce in tafi da ita gidana ta zauna har gari ya lafa.

Na kusa yarda, don abin da zuciyata take so kenan. Amma na san garinmu. Kafin la'asar uwar za ta aika a duba, kuma magana za ta fita cewa yarinya ta je makaranta a ɓangaren Kirista ba ta dawo ba. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa tana gidan malamarta tana cin shinkafa. Ko da abin da aka ce ya faru a hanya ƙarya ne, wannan kaɗai ya isa a fara ƙone-ƙone. Na faɗa wa hedimasta haka. Ya kalle ni, ya kalli yarinyar, ya ce to wa zai kai ta. Muka duba filin makaranta, daga ni sai shi sai maigadi tsoho.

Mijina ya kira a daidai lokacin, yana faɗa, wai me nake yi har yanzu. Na ce masa ina hanya. Ban faɗa masa wace hanya ba.

Na ji tsoro ranar, tsoro irin wanda ke busar da baki ya sa fitsari ya matse ka. Ni da ake cewa ina da baki, addu'ar ma kasa haɗa ta na yi, sunan Yesu kawai nake maimaitawa a ciki. Na goge wa yarinyar fuska da bakin zanena, na kama hannunta, na ce kada ta saki ko me ta gani.

A mahaɗar unguwarmu samari sun riga sun taru, wasu da gora, wasu da abin da ban so in kalla da kyau ba. Na mayar da yarinyar ɗaya gefena. Duk idonsu a kan hijabin yake. Wani mai gemu ya tako gaba, sai na gane shi, na koyar da shi a aji biyar, yaron da kullum yake mance fensir.

"Anti, ina za ki da ita?"

"Gidansu zan kai ta. Ɗalibata ce, kamar yadda ka zama ɗalibina. Matsa min."

Muryar aji ce ta fito, ban san daga ina ba. Ya sauke goran, ya ce in yi sauri, kuma kada in daɗe a can. Wani da ban sani ba ya jefo wata magana da Turancin titi a bayanmu, irin wadda ba a faɗa a gaban yaro. A rana ta lafiya da na tsaya na wanke shi tas har ya manta sunan unguwarsu. Ranar haɗiye ta na yi muka wuce.

Daga nan zuwa layin dogo akwai wani fili da shaguna a gefe, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ba kowa. Wurin da kullum sai ka yi faɗa da 'yan acaɓa kafin ka samu hanya, ranar ƙarar takalmina kawai nake ji. An bar citta a shanye a bakin titi, awaki suna tattaka ta. Mai shayi ya gudu ya bar tukunyarsa a kan wuta tana tafasa. Kowace taga a rufe, amma na san akwai idanu a bayanta, kuma ban san me suke gani ba idan sun kalle mu. Hannunmu ya jiƙe da gumi, nawa ne ko nata ban sani ba.

Da muka taka ƙarfen dogo sai na tuna da kaina. Ɗan ɗankwali ne a kaina, babu mayafi, ga sarƙar gicciye a wuya. Na sa hannu na tura ta cikin riga. Yarinyar ta ɗago ta gan ni, ta mayar da ido kan hanya.

Samarin tsallake su ma suna bakin layinsu, kuma a nan babu wanda na taɓa koyarwa. Suka tare hanya. Na yi sallama, wani ya amsa a daƙile. Ina jin Hausa tun ina yarinya, amma Hausata tana da harshen gidanmu a ciki, ina buɗe baki an san ko ni 'yar ina ce. Na fara bayani, maganar ta sarƙe. Wani ya tambaya a ina na samo yarinyar, yadda ya yi tambayar kuwa kamar sato ta na yi. Sai na ji ta zare hannunta daga nawa, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan za ta ruga gida ta bar ni a tsakiyarsu. Ashe gabana ta shiga ta tsaya.

"Antinmu ce. Ita ta kawo ni. Ku bar ta."

Wannan yarinya da sai na yi ta roƙo kafin ta ɗaga murya a aji. Wani dattijo tela da ke zaune a ƙofar shagonsa ya taso, ya ce wa samarin ba su da kunya ne, su ba malama hanya. Shi ya shige mana gaba har gidan.

Mun tarar da uwar a bakin zaure, da tawul ɗaure a ka, mata biyu suna riƙe da ita don ta rantse sai ta fita nema da kanta. Maƙwabta sun fara taruwa, kuma na ji da kunnena wani yana cewa ai an riƙe yarinyar a can. Uwar ta rungume 'yarta ta durƙushe a ƙasa, tana kuka tana sa min albarka. Aka kawo min ruwa a kofin silba, rabinsa a rigata ya zube.

Suka ce in shiga ciki in zauna har gari ya lafa, babu abin da zai same ni a gidan. Na yarda da su, har ga Allah na yarda. Amma wayata tana ta ruri a jaka, mijina ne, kuma samarin unguwarmu sun ga shigata. In na kai la'asar a nan, magana za ta fita cewa malama ta shiga tsallake ba ta fito ba. Na faɗa wa dattijon haka, ya gyaɗa kai. Ya ce zai taka min zuwa shago na ƙarshe, daga nan kuma shi ma ba shi da ikon wucewa.

Daga baya mun ji cewa abin bai kai yadda aka yaɗa ba, kafin magariba har wasu sun buɗe shaguna. Na ci gaba da koyarwa shekaru bayan haka, da maganin hawan jini a jakata. Amma a wannan lokacin, a bakin zauren nan, ba wanda ya san yadda ranar za ta ƙare.

Na juya zan tafi sai yarinyar ta riƙo min zane. Ta kalli hanyar da muka fito, ta kalle ni, idonta ya cika.

"Anti, ke kuma wa zai kai ki gida?"

Na ce mata ni babba ce, na san hanya, ta tabbata ta yi aikin gida kafin Litinin. Ta ce za ta raka ni ta dawo, uwar ta janye ta da ƙyar.

Layinsu miƙaƙƙe ne, daga ƙofar gidan ana hango har dogo. Dattijon ya tsaya a shago na ƙarshe ya ce Allah ya kiyaye. Na waiwaya sau ɗaya, tana nan tsaye a bakin zaure tana kallona. Ƙafafuna gudu suke so, amma na san in ta ga na ruga za ta gane ƙarya na yi mata. Na gyara jakata a kafaɗa, na taka a hankali kamar mai zuwa aji, na tsallaka ƙarfen, na shiga filin nan ni kaɗai.