Wankakken Gashin Tuje

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura, ni da malaminmu da direba, muka nufi wani ƙauye gaba da Mai'adua. Gashin tuje ne ya fito da mu, babban tsuntsun nan mai saka ƙwai a ƙasa, wanda noma da farauta suka kusa ƙarar da shi. A tushen gashinsa akwai ɗan busasshen jini, daga nan muke ciro ƙwayoyin halitta mu gane ko tujen Mai'adua da na Sandamu dangi ɗaya ne. Gashin tujen Sandamu yana hannuna. Idan damina ta wuce tsuntsayen suka watse ban samu na Mai'adua ba, kammala karatuna sai baɗi.

Kwalta ta ƙare, laka ta hana mota wucewa, muka hau babura. Mai babur ya ga jakata ya ninka kuɗi, ni kuwa don kunyar ciniki na biya.

Mun sauka gidan wani dattijo manomi da na roƙa ta waya ya riƙa tsince mana gashin. Bayan mun sha fura, na fito da ambulan ɗin da na jera wa lamba. Shi kuma ya kawo dami ɗaure da zare, yana ƙamshin sabulu, an datse gindin kowane gashi daidai wa daida.

"Ɗana, ga saƙonka. Na sa an wanke, an yanke ƙazantar. Ba a ba baƙo abu da datti."

Malam ya dube ni. "Ka faɗa masa tushen muke so?"

Ban faɗa ba. Nauyi na ji in koya wa sa'an kakana tsintar gashi.

Na ce, "Baba, ina aka zubar da guntayen?"

"Juji mana. In kaji sun rage."

Haka na yini tsugune a jujin mutane da safar hannu da hantsaki, matan gida suna leƙe suna dariya. Huɗu na tsinto, malam ya ce biyu na zabo ne.

Gab da magariba muka shigo Daura. Biyun suna cikin firij, ko za su isa, Allah masani. Na dai koyi cewa kunyar minti ɗaya a waya tana iya cin shekara guda. Washegari na kira Baba, na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "To da ka ce ƙazantar kake so, ai da ba mu ɓata sabulu ba."