Sunan da Umma Ba Ta Kira Ba

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen zafi, shekarar da ni da Hassana muka cika tara. Dawowarmu daga makaranta ke nan, ko hijabi ba mu cire ba, muna tsugune a inuwar rumfar awaki muna carafke da ƙwallayen dabino, sai hasken rana ya canja. Ba duhun hadari ba ne irin wanda Umma ke ba mu labari, ja ne jawur, kamar kana kallon duniya ta cikin kwalbar zoɓo. Awaki suka daina tuƙa, suka cure wuri guda. Kurciyoyin da ke damunmu da kuka a kan katanga suka yi tsit. Hassana ta ɗaga kai ta duba, ta koma kan wasanta, don ita ke ci, kuma dama kullum ita ke ci.

A Jurf muke a lokacin, wata unguwa a gefen Madina, cikin gonar dabinon wani Balarabe da ba ma ganinsa sai ran Juma'a. Baba ne mai hawan bishiya, sana'ar da ya taso da ita tun a ƙauyensu can ƙasar Jigawa. Shi ke saran zarba, shi ke ɗaure nonon dabino kada nauyi ya karya shi, shi ke sauke shi idan ya nuna. Gidanmu ɗaki biyu ne na bulo da rufin kwano, jingine da katangar gona, kusa da na Ammu Idrisa ɗan Cadi mai kula da injin ban ruwa da matarsa Hala Batula, waɗanda muke kira Ammu da Hala, wato baffa da inna a Larabce. Aikinmu da safe shi ne yanko wa awaki ciyawa da share gindin bishiyoyi, da yamma kuma mu zauna da Umma a kan tabarma muna ware dabino, mai kyau gefe, wanda tsuntsu ya taɓa gefe. A bayan katangar akwai wadi, wato busasshen kwari mai faɗi, yashi da duwatsu zalla. Tun muna 'yan tatsitsi aka kawo mu Madina, kuma ban taɓa ganin ɗigon ruwa a cikin wadin nan ba. Ta cikinsa muke yankewa zuwa makaranta, a cikinsa samari ke buga ƙwallo, har motoci na bi. A wajenmu hanya ce kawai mai yashi.

Mu 'yan biyu ne, kuma irin waɗanda ko Baba sai ya tsaya ya duba da kyau. Umma ba ta taɓa sayen abu ɗaya ba. Riga biyu iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, kitso iri ɗaya, in baƙo ya ba ɗayarmu alewa sai Umma ta ce masa kai tsaye, "Ai su ba a raba musu kyauta." Mutanen gida sun yarda cewa kunama ba ta harbin tagwaye, Hassana kuwa ta ɗauki maganar da gaske, har ɗaga duwatsu take yi tana nemanta, ni ina baya ina ihu. A makaranta malamarmu ta gaji da mu, ta koma kiranmu da suna ɗaya a haɗe, Hassana-Hussaina, mu kuma mu amsa tare. Umma kaɗai ce ba ta taɓa rikita mu ba, ko ta baya ta hango mu ta san wace ce wace.

Iskar da ta zo ranar nan ba ta yi sallama ba. Umma ta fito da gudu ta fizge mu, ta tura mu ɗaki, ta kwanto ƙanenmu Gambo daga bayanta ta danna min shi a cinya. Baba da Ammu Idrisa suka shigo suka tokare ƙofa da kafaɗunsu. Daga nan sai ƙara. Ba zan iya kwatanta ta ba, na dai san ina ganin bakin Hala Batula yana motsi da salati amma ba na jin ko kalma. Kwanon rufi ya ɗaga ya koma, ya ɗaga ya koma, sai kawai muka ga sama a inda rufi yake. Yashi ya cika mana baki, ruwa ya biyo baya kamar da bokiti ake sheƙa shi, da ƙanƙara a ciki. Muna jin bishiyoyi na faɗuwa ta ƙarƙashin ƙafarmu, ƙasa na girgiza. Ban yi kuka ba, Hassana ma ba ta yi ba. Muna zaune dai, kafaɗa da kafaɗa, ruwa na bin bayanmu.

Yadda ta zo haka ta tafi. Kafin la'asar sakaliya rana ta fito fes, kai ka ce ba a yi komai ba. Muka fita muka ga gonar da ba mu sani ba. Bishiyoyin da suka girmi Baba suna kwance, saiwoyinsu a sama. Rumfar awaki babu ita, tankin ruwa ya koma ƙarshen gona, wata bishiya ta danne ɗakin inji. Baba ya tsaya hannu a ƙugu yana duban ɓarnar, sannan shi da Ammu Idrisa suka tafi neman kwanon rufinmu. Umma kuwa sama ta duba. Ta duba gabas, inda hadari ke tasowa a garinsu, ta ga wasai. Ta shaƙi iska, ta ce, "Ya ɗauke, an gama." A ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya haka abin yake, ruwan da ya sauka a kanka shi ne ruwanka, in ya ɗauke ya ɗauke. Can nesa ta wajen duwatsu akwai wani baƙi a gindin sama, amma ba gabas ba ne, don haka ba ta sa shi a lissafi ba.

Akwai kuma al'adar da ta taso da ita. A ƙauyensu idan iska ta lafa, yara duka sai su bazama gindin mangwaro da kanya, abin da iska ta kaɗo na wanda ya tsinta ne. Umma mace ce mai tsoron haƙƙi, ko ƙwaya ɗaya ta cikin gona ba ta yarda mu ci sai mai gona ya ce a ci. Amma da ta leƙa ta inda katanga ta rushe, ta ga iska ta watsa dabino a cikin wadi, nono-nono, a kan yashi, sai ta ce wannan ya fita daga gonar mutum, rabon yara ne. Ta miƙa mana kwando ɗaya-ɗaya, ta ce mu yi maza kafin awakin mutane su riga mu. Muka tsallaka da murnarmu, wallahi da murnarmu, don duk ɓarnar nan a idonmu abin kallo ce.

Yashin ya jiƙe sama-sama, yana da sanyi a ƙafa. Muka yi ta tsinta, muna ci muna zubawa. Hassana ta yi gaba zuwa tsakiya inda wani babban nono ya faɗi, tana ja tana cewa nata ne. Sai na ji muryar Umma daga katanga. Gambo ne ke tsala kuka, ita kuma tana son kwashe kayan ɗaki ta shanya. Ta ce, "Hussaina! Zo ki karɓi yaron nan." Ni na fi kusa, shi ke nan dalilin, babu wani. Na hau gangaren ina gunaguni, na ajiye kwando, na karɓi Gambo. Ban gama saɓa shi a kafaɗa ba na ji wani gurnani kamar na babbar mota tana tahowa. Na waiwaya. Ruwa ne, baƙi ƙirin, ya cika wadin daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana turo itatuwa da tayoyi da wata mota a gabansa, a ƙarƙashin rana tsaf. Hassana na sunkuye, ta ba shi baya. Na ga Umma ta buɗe baki. Har yau ban sani ba ko ta yi kira ƙarar ta shanye, ko muryar ce ba ta fito ba.

Bayan 'yan kwanaki masu aikin ceto suka same ta can ƙasa, nesa da Jurf. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Mata suka cika gidan Hala Batula, 'yan Nijar, 'yan Sudan, 'yan Kano, kowace ta shigo sai ta ce yarinyar nan ta yi dace, ta samu makwancin da manya ke roƙo. Umma na cewa amin. A wajen zaman makokin ne muka fara jin abin da kowane yaron Larabawan unguwar ya sani tun yana rarrafe, cewa ruwan wadi ba daga samanka yake zuwa ba, daga duwatsu yake gangarowa bayan an ɗauke, kuma in ka hango baƙi a kan duwatsu ba ka taka wadi ko da rana na ƙona ka. Kowa ya ɗauka mun sani. Ni dai ina zaune a lungu, ana shigowa a gan ni a zabura, a yi salati, a kau da kai. Ban ji komai ba. Na ci abinci, na yi barci, har kunya nake ji da ba na kuka.

Gonar ba ta tashi ba. Mai ita ya zo ya zagaya, ya ce shi ke nan, ya sayar aka yanka filaye. Ammu Idrisa da ya yi rabin rayuwarsa a gaban injin nan ya tattara ya koma Cadi, Hala Batula na kuka har cikin mota. Baba bai sake hawa bishiya ba. Muka koma Uhudu, ɗaki a saman wani kanti, ya kama aiki a rumfar wani mai sayar wa maziyarta casbi da turare. Mutumin da a da ake jin waƙarsa daga ƙarshen gona ya koma magana ɗaya biyu, ya dawo ya ci ya kwanta. Bai taɓa ɗora wa Umma laifi ba ko sau ɗaya, a gabanmu dai. Dabino kuwa bai sake shiga gidanmu ba, a Madina fa, da ruwa muke buɗe baki da azumi.

Ni ce abin da ya rage wa Umma ta yi fama da shi. Ba ta taɓa dukana ba bayan ranar nan, ba ta taɓa yi min tsawa ba, kuma ba ta sake kiran sunana ba. Na koma "ke". "Ke, ga abincinki." In tana magana da Baba, ni ce "yarinyar nan". Idan za ta ba ni abu, hannuna take kallo, ko kafaɗata, ko bangon da ke bayana. Kitso ma ta daina yi min, ta riƙa tura ni gidan maƙwabta. Da na girma na gane dalili, ta kira suna ɗaya ta bar ɗaya, kuma fuskar wadda ta bari ce ke yawo a ɗakinta tana girma. Amma ganewa ba ta hana jin zafi. Na ji haushinta, haushi sosai, shekara da shekaru. A waje kuwa duk Bahaushen da ya ji an ce Hussaina sai ya washe baki ya ce, "To ina Hassanar taki?" Na amsa tambayar nan a makaranta, na amsa ta ranar aurena, na amsa ta a asibiti ina naƙuda. Har na kai ina cewa "ta rasu" kamar mai faɗin sunan unguwarsu.

Yanzu a unguwar Al-Sih nake, a nan cikin Madina, da mijina da yara. Baba ya rasu, Gambo na tuƙi tsakanin Madina da Jidda, Umma na wajena. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar min, kuma in hadari ya haɗu wayoyinsu ne ke gaya musu kada a kusanci wadi, ba sai sun duba gabas ko yamma ba. Inda gonarmu take gidaje ne masu hawa, ko bishiya ɗaya ban gane ba. Wani lokaci ina kewar inuwar nan da ƙarar injin Ammu Idrisa, sai dai ba na daɗewa a kan tunanin.

Hankalin Umma ya fara tafiya a 'yan shekarun nan. Tana manta ta ci abinci, tana tambayar ko an ba awaki ciyawa. Kwanakin baya da la'asar iska ta taso, 'yar ƙarama, ta buga taga. Ina kicin ina yanka albasa sai na ji ta miƙe, ita da ba ta iya tashi sai an kama ta. Na leƙo na gan ta dafe da ƙarfen taga, ta tura fuska waje, tana kira da wata murya mai ƙarfi da na manta tana da ita.

"Hassana! Hassana, baro wajen nan ki taho!"

Na ajiye wuƙa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na goge hannu a zani, na zo bayanta na ce, "Na'am Umma, ga ni."

Ta juyo ta kalle ni cikin ido. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa goshina, ta shafa kumatuna, tana dubawa kamar mai neman rauni. Ta ce, "Kin daɗe." Na ce na dawo ai. Ta sauke numfashi, na zaunar da ita a bakin gado, ba ta saki hannuna ba. Can sai ta leƙa bayana ta ce, "Ina Hussaina?"

Na ce, "Tana gida, Umma. Lafiyarta ƙalau."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kwanta.

Na koma kan albasata, yara na ta hayaniyarsu a falo. Sai da na zama Hassana sannan na ji sunana a bakin uwata.