Mai Tsumma a Ƙarƙashin Fiffike

Duk mai sammako a Unguwar Magina ya san Malam Sha'aban Sabo. Da an sallame sallar asuba zai zagaya gonarsa ta bayan gida, ya duba gero ko wake gwargwadon lokacin shekara, ya dawo ya sha koko, ya hau tsohon kekensa zuwa tashar Ɗambatta. Can zai jingine keken a rumfar mai faci, ya shiga bas ɗin Kano. Shekara talatin da huɗu yana wannan zirga-zirga. An yi an yi da shi ya koma birni, har ɗaki aka taɓa ba shi kusa da filin jirgi, ya ce shi barci ba ya yi masa daɗi in ba ya jin kukan jakin maƙwabta.

A aljihunsa kullum akwai abu uku: tocila, ɗan madubi mai doguwar mariƙa, da farin tsumma a ninke. Tsumman nan shi ya ja masa raini. Wani ɗan garin ya taɓa raka baƙo filin jirgi, ya hango shi daga nesa a kan tsani yana goge cikin fiffike, ya dawo ya baza labari cewa ashe duk bokon da Sha'aban ya yi, wankin jirgi yake yi. Aka yi ta dariya a dandali. Shi ma da ya ji dariyar ya yi, bai gyara wa kowa zance ba.

To, jama'a, yau da ya ajiye aiki, bari a faɗa muku abin da yake gogewa. Fiffiken jirgi ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Cikinsa rami ne, a nan ake ɗura man jirgin, kuma akwai wani babban ƙarfe da ya ratsa shi yana riƙe da nauyin komai, kamar azara a ɗakin soro. Duk tashi da sauka fiffiken nan sai ya ɗan lanƙwasa ya miƙe. Shekaru na tafiya ƙarfen na gajiya, wata rana sai tsaga ta ɓullo a gefen ramin ƙusa, siririya, ba ta kai silin gashi ba. Aikin Malam Sha'aban shi ne ya gano ta tun tana ƙarama. In ya sa hannu a takarda, jirgi ya tashi da mutane. In bai sa ba, ko wane ne a ciki sai ya sauko.

An tura shi kwas, ya iya na'urori, takardunsa na nan a jere. Amma in ka tambaye shi inda ya koyi aikin, sai ya ce a tsakar gidansu, wajen mahaifiyarsa marigayiya Inna Kulu, maginiyar tukwane. Ba ta taɓa kai randa kasuwa ba sai ta cika ta da ruwa, ta goge bayanta tas, ta barbaɗa mata toka, ta samu wuri ta zauna. In yaran suka ƙosa sai ta daka musu tsawa: "Ina kuke sauri? Randa dama tana gumi. Amma gumi ko'ina yake fitowa, tsaga kuwa layi take ja." Su biyu ne masu ɗebo mata tokar, shi da yayarsa Hure, wadda ta goye shi yana jariri, take kuma kiransa Auta. Ko bayan ya yi furfura bai fi ƙarfin wannan sunan ba, kuma kowace Juma'a sai ta aiko masa da fura a ƙwarya daga gidan aurenta.

Abin da zan ba ku labari ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma daga bakin wanda aka yi a gabansa na ji shi, wato Zachariah Buwai, mutumin wajen Tofa, abokin aikinsa na shekara ashirin.

Lokacin jigilar maniyyata ne, sahun ƙarshe. Kwana biyu ya rage a rufe karɓar jiragen alhazai a ƙasa mai tsarki. A cikin mutum ɗari uku da wani abu da ke jira a sansanin alhazai akwai Hure. Shekara tara tana kiwon tumaki saboda wannan tafiya. An yi mata rakiya daga gari da mota biyu, ta yi bankwana gida gida, ta nemi gafarar kowa, har ta rarraba kajinta ga jikoki su kula mata.

Da hantsi Malam Sha'aban ya shiga ƙarƙashin jirgin da zai ɗauke su, an riga an ɗura masa mai. Kusa da inda fiffiken hagu ya haɗu da jikin jirgin ya ga ɗan danshi. Ya zaro tsumma ya goge, ya sauko daga tsani, ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Malam, lafiya?" in ji Zachariah.

"Jira nake."

Bayan kwata ɗin awa ya sake hawa. Danshin ya dawo. Ya haska tocila, ya kira Zachariah ya ce, "Zo ka gani. Zagaye ya yi ko layi?"

Zachariah ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Layi ne." Ya ce min tun a lokacin ya san abin da zai biyo baya.

Manajan kamfanin jirgin ya iso da gudu, waya biyu a hannu duk suna ƙara. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya ɗaya ce, mutum ne da aka ɗora wa dutse a ka. Ya ce, "Haba Malam! Ɗan tsatstsafar mai ce. Littafin ƙa'idar aiki ma ya yarda a tashi da irinta, a gyara in an dawo. Ka fi ni sani."

"Ya yarda, ranka ya daɗe, in daga bakin ƙusa take. Wannan ba daga bakin ƙusa take ba. A zuƙe man, a kankare fentin, in sa mata rini in gani."

"Ka san awa nawa wannan zai ci? Ka san jibi ake rufewa? Mutum ɗari uku ne fa a sansani!"

"Na sani."

"An ce min har da yayarka."

Malam Sha'aban ya ninke tsummansa. Sannan ya ɗago ya ce, "Har da ita. Shi ya sa ma. Ba zan sa hannu ba."

Manajan ya ce akwai masu takarda irin tasa a Legas, zai iya sa a zo da wani, shi kuma ya san inda zai nufa da tsummansa. Malam Sha'aban ya ce to, Allah ya kawo shi lafiya, amma kafin ya iso a bar shi ya yi aikinsa.

Kai ne, Malam, ka tsaya a wurin nan ranar, rana na dukan ka, manya na ta kiran waya, ka san yayarka na zaune a kan jakarta tana kallon ƙofa. Sa hannu ɗaya ne, ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma babu wanda zai zarge ka. Ka ƙi. Wallahi ba kowa ba ne zai iya.

Sai bayan la'asar aka gama zuƙe man aka kankare wurin. Ya shafa jan rini, ya bari ya shiga, ya goge tas, ya fesa farar hoda, ya koma kan akwatinsa ya zauna. Mutum ya fi goma a tsaye, ba mai tari. A hankali, a kan farar hodar nan, wani jan zare ya fito, tsawon gaɓar yatsa. Da aka buɗe fiffiken aka sa na'ura, sai ga tsagar ta riga ta kama babban ƙarfen ciki. Manajan ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, yana ta salati.

Jirgin bai tashi ba. An samo wani washegari, amma ƙarami ne, mutum sittin suka rage. Hure na cikinsu.

Kai, dawowar nan ba ta yi daɗi ba. Matar da aka raka da mota biyu ta sauka daga bas ita kaɗai da jakarta, ta shige ɗaki ta rufe. Kafin magariba labari ya gama gari: wai Sha'aban ne ya ce jirgin da datti, ya tsaya gogewa har lokaci ya ƙure. Ya je gidanta ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, jirgin ba shi da lafiya." Dokar aiki ba ta bar shi ya faɗi fiye da haka ba, shi kuma dama ba gwanin bayani ba ne.

Daga ciki ta ce, "Na ji, Malam Sha'aban. A gai da gida."

Malam Sha'aban! Matarsa ta ce ranar bai ci tuwo ba. Juma'a ta zo, ba fura. Wata ta zo, ba fura. Shekara ta zagayo Hure ta sauke farali lafiya lau, ta dawo Hajiya, ta aiko masa da hula da dabino kamar yadda ta aika wa kowa. Suna gaisawa, suna haɗuwa a suna da jana'iza, ba wanda zai ce ga faɗa. Amma Auta bai dawo ba, fura ma ba ta dawo ba. Abin na ci masa rai, ya kuwa ci gaba da hawa kekensa kullum da safe.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi masa walimar ajiye aiki a ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiya. Aka yi addu'o'i, aka ci shinkafa. Can sai Zachariah ya miƙe da wani abu a naɗe cikin jarida, ya ce a yi masa iso wajen Hajiya Hure. Aka kai shi zaure, ta fito, Malam Sha'aban na biye yana cewa, "Zachariah, bar shi mana, ya wuce."

"Bai wuce ba, Malam." Ya durƙusa ya kwance jaridar. Wani guntun ƙarfe ne, bai fi tafin hannu ba. "Hajiya, wannan daga fiffiken jirginku aka yanko shi. Da shi ake koyar da sababbin ma'aikata, aro na yi. Masana sun ce wataƙila ya kai ku, wataƙila kuma bai kai ku ba. Ƙaninki ya ƙi yarda a gwada da ku."

Ta karɓa ta kai shi kusa da ido, ba ta ga komai ba, idon ya tsufa. Sai ta bi shi da farce, kamar yadda ake bin bayan tukunya. Farcen ya tsaya. Ta sake bi, ya sake tsayawa a wurin.

"Ta yaya ka ga tsagar nan?" in ji ta ga ƙaninta, ba ta dube shi ba.

"Gogewa na yi, Yaya, na zauna."

"Ka barbaɗa toka?"

"Irinta. Tasu fara ce."

"Layi ta ja?"

"Layi ta ja."

Ta miƙa wa Zachariah ƙarfen. Sannan ta ja bakin mayafi ta share ido, ta ce, "Kai dai Auta, Allah ya shirye ka. Shekara goma sha ɗaya bakinka na ciwo ne? Da ka ce min randa ce ta tsage ai da na gane!"

Dattijo mai shekara sittin ya tsaya a zaure yana kuka yana dariya, bai ji kunyar kowa ba.

Malam Sha'aban, ɗan Kulu mai randa, mun gode. Mun gode a madadin dubban mutanen da suka hau jirgi suka yi barcinsu, suka sauka suka rungumi 'yan uwansu, ba su taɓa jin sunanka ba. Kai ne ka yarda a kira ka mai wankin jirgi, ka yarda 'yar uwarka ta yi fushi da kai tana raye. Mu da muka yi dariya a dandali, ka yafe mana. Allah ya ba ka lafiyar cin gonarka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu tasowa, ko birkin mota kuke ɗaurewa, ko allura kuke yi, ko gini kuke dubawa, rana na zuwa da za a tsaya muku a ka a ce ku yi sauri ku sa hannu. Ku tuna da mutumin nan. Ku goge, ku zauna, ku sake dubawa.

Jiya Juma'a na bi ta ƙofar gidansa bayan masallaci. Yana zaune a kan tabarma da ƙwarya a gabansa, ya riƙe ludayi. Ya ce in zauna in sha, amma kada in yi yawa, daga gidan Yaya take.